Daga Allon Malam: Rana a Cikin Buhun Gawayi

A wannan wata za mu duba abin da ya sa itace da gawayi da fetur da gazuwal suka riƙe mana rayuwa a nan Garwa.

Duk huɗun dangi ɗaya ne, domin jikinsu cike yake da sinadarin kabon. Bishiya tana shan hasken rana, ta ajiye ƙarfinsa cikin itacenta. Fetur da gazuwal kuwa ragowar ƙananan halittun ruwa ne da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi. In aka kunna wuta, kabon ya haɗu da iskar oksijin, sai ƙarfin nan ya fito, ya zama zafi. Ashe buhun gawayi rumbun rana ne.

Babban amfaninsu shi ne ƙarfi mai yawa a ɗan abu kaɗan, ga ajiyuwa, ga ɗaukuwa. Kilo ɗaya na gawayi yana ba da zafi kusan ninki biyu na busasshen itace, fetur kuwa kusan ninki uku. Shi ya sa ɗan tankin babur ke kai mutum Pitowa ya dawo. Dubi madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 a kan Binuwai: an gina ta don megawat 72, amma in ruwa ya ja baya sai lantarki ya ragu, a koma ga injinan gazuwal. Gazuwal ba ya jiran damina.

To amma jama'a, kowane allazi da nasa amanu. Kafin a samu kilo ɗaya na gawayi a ramin gargajiya, sai an ƙona itace kilo biyar ko fiye, dajinmu kuma sai ƙara nisa yake yi. A 2023 da Nijeriya ta cire tallafin fetur, kuɗin zuwa-zuwa ya tashi, kowa ya ji a jikinsa. Gawayi kuma in ya ci a ɗaki rufe lokacin hunturu, yana fitar da iska mai guba marar wari, tana kisa cikin barci.

Don haka mu yi tattali. Mu yi amfani da murhu mai rage cin itace, mu rufe tukunya, mu fitar da kaskon wuta kafin mu kwanta. Wanda ya sare bishiya, ya dasa darbejiya biyu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.