Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Makanikai Game da Zuba Man Tsere a Motar Hawa

Zuwa ga 'yan'uwana makanikai, iyayen gareji da almajiransu,

Dalilin wannan takarda shi ne wata al'ada da ta taso a Amurka da ƙasashen Turai, inda filayen tseren motoci suke da yawa, ake kuma sayar da man tsere a duro da gwangwani ga duk mai halin saye, har ta kai waɗansu masu motocin hawa suna zuba shi a tankunansu bisa zaton zai ƙara wa inji ƙarfi. Labarin ya iso mu ta wayoyin hannu, samarinmu masu sha'awar gudu da wasan mota sun ji, kuma da yake ku ne malaman wannan fanni, gare ku za su zo neman fatawa, wani riƙe da kwalbar maganin ƙara lambar mai, wani da jarkar man jirgin sama da aka samo masa ta bayan fage. A kan amsar da ta kamata ku ba su nake so in yi muku nasiha.

Tushen ruɗanin shi ne lambar nan da ake kira okten, wadda jama'a suka ɗauka ma'aunin ƙarfin mai ce, alhali kuwa haƙurin mai take aunawa, wato iyakar matsi da zafin da zai jure a cikin silinda bai kama da wuta da kansa ba. Kun fi ni sanin yadda aikin yake: fistin ya hau ya matse mai da iska, fulogi ya ba da wuta, wutar ta bi cakuɗin daki-daki tana tura fistin ƙasa. To idan man ya rasa haƙuri, sai ragowar da ke can gefen silinda, wadda wutar ba ta riska ba tukuna, ta fashe da kanta gaba ɗaya, daga nan ne kuke jin siririyar ƙarar nan, ƙas-ƙas-ƙas, in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu da babbar giya a tsakar rana. In aka bar ta ta daɗe, sai ta ci gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙone gaskit. A tsakanin 1926 da 1927 ne wani masanin sinadarai na Amurka, Graham Edgar, ya tsara ma'aunin, inda ya ɗauki sinadarai biyu, ya ba mai tsananin haƙuri lamba 100, ya ba mai saurin fashewa sifiri. Man da aka ce lambarsa 91 ce, haƙurinsa daidai yake da na cakuɗin kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun, kuma babu zancen gudu a cikin wannan hisabi ko kaɗan.

Saboda haka injin da aka ƙera shi yana matse cakuɗinsa ninki 9 ko 10, wanda ba ya yin waccan ƙara da fetur ɗin gidan mai, ya riga ya sami iyakar bukatarsa, ko an zuba masa mai lamba 110 ba zai ƙara taku ɗaya ba, domin linzami mai ƙarfi ba ya ƙara wa doki gudu, amfaninsa sai ga dokin da ke fizga. Injin tsere kuwa, wanda matsinsa kan kai ninki 13 ko 14, ko wanda tarbo ke ɗura wa iska da ƙarfin tsiya, shi ne mabukacin wannan mai, kuma ƙarfin nasa daga ƙirarsa yake fitowa, man dai yana hana shi hallaka kansa ne. Hujja a kan haka ita ce sinadarin etanol, wanda lambarsa ta haura 100, amma makamashin da ke cikin litarsa ɗaya bai wuce kashi biyu cikin uku na fetur ba. Ko a yaƙin sama na Birtaniya a 1940, da jiragen Spitfire suka koma mai lamba 100 daga mai lamba 87, sai da injiniyoyi suka gyara injunan yadda za su karɓi ƙarin matsin iska sa'an nan aka ga fa'idar.

Adalci ya wajabta in ambaci inda babbar lamba take da amfani na haƙiƙa. Motocin zamani suna da wata na'ura a jikin inji mai sauraron ƙarar nan, da ta ji ta sai ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta ja lokacin wuta baya don ta tsare fistin, mota ta yi sanyin jiki tana shan mai fiye da ƙima. Irin wannan mota, idan maƙeranta sun shar'anta lamba 95 ko 98, lallai za ta farfaɗo in ta sami abin da aka shar'anta, musamman a zafin bazara irin namu. Amma da ta kai haddin da aka tsara mata, abin da aka ƙara a kai almubazzaranci ne. Ku duba murfin tanki ko littafin mota, ku kuma lura da inda aka shigo da ita, domin hisabin Amurka dabam yake da na Turai: 87 a famfon Amurka tana daidai da wajen 91 a lissafin Turai, 93 kuwa wajen 98. Wanda bai san wannan ba yana iya tsoratar da mai mota a banza, ko ya kwantar masa da hankali inda bai kamata ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dalma. A watan Disamba 1921 Thomas Midgley, ma'aikacin kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma yana hana ƙarar nan, aka fara sayar da irin wannan fetur a 1923, duniya ta yi shekara da shekaru tana biyan diyya da lafiyar 'ya'yanta. Amurka ta haramta shi ga motocin titi daga 1996, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka bar shi a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Amma har yau da yawa daga man tsere suna ɗauke da dalma, haka kuma shuɗin man nan na ƙananan jiragen sama mai suna 100LL. Wanda ya zuba shi a motar zamani, tanki kaɗan sun isa su kashe na'urar auna iska ta salansa, su kuma lalata matatar hayaƙin da kuke kira indomi, wadda kun san tsadarta. In kun kwance fulogi za ku tarar da wata farar toka ta daskare a bakinsa, irin ta kuma a bakin salansa. Wannan hasarar dukiya ce, ana iya mayar da ita. Hayaƙin kuwa yana shiga ƙirjin yaranku na gareji da suke sunkuye a bayan mota, ƙurarsa tana bin tufafinku zuwa gida, dalma kuma in ta shiga jinin yaro tana rage masa fahimta har ƙarshen rayuwarsa. Mu da muka ga abin da gubar dalmar ma'adinai ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda aka rasa yara fiye da 400, ba mu da uzurin jahilci a gaban Ubangiji.

Wani nau'in man tseren kuma metanol ko etanol mai yawa ne a cikinsa. Fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya nasa a nauyi, metanol kuwa wajen 6.4, saboda haka kafireto ko nozul da ba a buɗa masa ba sai ya bar inji da ƙishirwa, zafi ya hau. Metanol yana cin roba da tiyo da alminiyam, kuma waɗanda suka karɓi motoci a garejinsu a watan Fabrairu 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol Najeriya, ba sa bukatar in yi musu sharhi. Kwalaben ƙara lamba kuwa, galibi abin da suke ƙarawa bai kai cikakkiyar lamba ɗaya ba a tanki guda, waɗansunsu kuma sukan bar jan tsatsa a kan fulogi.

Roƙona gare ku shi ne, in mota ta zo tana ƙas-ƙas alhali da can ba ta yi, ku nemi illar a inda take kafin ku ɗora laifi a kan lambar mai. Ku duba lokacin wuta, ku duba ko baƙin gawayi ya taru a kan fistin, ko lagireto ya toshe, ko fanka ba ta tashi, ko famfon mai ya raunana, ko fulogin ba nata ba ne, ku kuma tambayi mai ita ko a wurin 'yan bumburutu ya sha mai, domin kananzir kaɗan a cikin fetur ya isa ya rushe haƙurinsa. Mai mota amana ya ba ku, ba ya ganin cikin silinda, maganarku ce idonsa. In saurayi ya zo da jarkarsa mai shuɗin mai, ku zaunar da shi ku yi masa bayani da lalama, in ya ƙi ji, kada hannunku ya zuba masa, kada kuma a tayar da motar a cikin garejinku.