Katako da Zare Sun Isa Darasin Taurari a Bungudu

Matuƙan jiragen ruwa na Larabawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna keta teku tsakanin Oman, Indiya da Zanzibar da wani ɗan abu mai suna kamal. Guntun katako ne mai kusurwa huɗu, an ratsa zare mai ƙulle-ƙulle ta tsakiyarsa. Matuƙi zai ciji ƙulli ɗaya, ya miƙa katakon har zaren ya ɗame, ya daidaita gindinsa da inda ruwa ya haɗu da sama, bisansa kuma da tauraron arewa. Kowane ƙulli na wata tashar ruwa ne. In awo ya yi daidai, sai ya miƙe gabas ko yamma har ya sauka.

Da yatsu suke lissafin tsayin tauraro, kuma matuƙin jirgin ruwa Ahmad bin Majid ya tattara wannan ilimi a littafinsa wajen 1490. A Bungudu ta jihar Zamfara tauraron arewa na tsayawa ne kimanin digiri 12 daga ƙasa, wato yatsu bakwai da ɗoriya. Yaron firamare zai iya auna wannan a bayan gari da kwali da zare.

Abin takaici, da wuya a samu makarantar da ke nuna masa. Alhali kallon sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A da, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da fitowar Gamzaki suke ɗaura kaya. Dattawan karkara sun san Kaza da 'ya'yanta, malaman zaure kuwa na ƙirga taurari 28 don gane shigar damina da fitarta. Masu wannan sani sai ƙarewa suke yi, ba magada.

Wani zai ce ai akwai waya mai nuna hanya. To, mutanen Zamfara ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya. Hatta makarantar sojan ruwa ta Amurka ta dawo da darasin taurari a 2015, don gudun a yi wa na'urorin GPS kutse.

Ba kwangila ake nema ba. Hukumar ilimi ta jiha da Jami'ar Tarayya ta Gusau su haɗa malaman kimiyya da dattawan nan, a rubuta abin da suka sani, a shigar da shi aji tun suna raye.