Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Sauro Ba

Mu makiyayan Gadarif mun san ɓarnar kaska a jikin shanu, amma ita kaska ba ta bar mutum ba. Masana sun gwada kaska 104 da aka cire daga dabbobin Sudan a 1998 da 2000, suka tarar 19 na ɗauke da ƙwayar zazzaɓi mai fesar da ƙuraje.

Alamunsa su ne zafin jiki, ciwon kai, kaluluwa, da ɗan miki mai baƙin ɓawo inda ta ciza. To amma da makiyayi ya je asibiti, maleriya ake fara zato. Maganin maleriya da aka saba bayarwa kuwa ba ya kashe wannan ƙwaya, sai doxycycline.

Muna kira ga ma'aikatar lafiya ta jiha: in gwaji bai nuna maleriya ba, a tambayi majinyaci zancen kaska, a duba masa hammata da matsematsi. A kuma ajiye maganin a ƙananan asibitocin Doka da Gallabat.

Mu ma 'yan'uwa, mu riƙa duba jikin yaranmu in sun dawo kiwo, mu nuna wa likita mikin. Allah ya ƙara mana lafiya.