Raddi Ga Mai Cewa Hana Wanke Gawar Mai Annoba Saɓa Wa Shari'a Ne

Magana ta iso mana daga wani ɗan'uwa ma'abocin ilimi, cewa likitocin da ke hana dangi taɓa gawar wanda Ibola ko zazzaɓin Lassa ya yi ajalinsa sun tozarta mamaci, sun tauye shari'a. Ga hujjojinsa uku da jawabinsu.

Ta farko, ya ce nassi ya kore yaɗuwar cuta. Jawabi shi ne, malaman hadisi sun daɗe da haɗa wannan nassi da umarnin nisantar kuturu, suka bayyana cewa abin da aka kore shi ne ƙudurin Jahiliyya na cewa cuta tana tasiri da ikon kanta, ba sababin da Allah ya halitta ba. Domin haka ne Sayyidina Umar, da labarin annobar Sham ya riske shi a hanya, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, alhali kuwa babu mai tuhumar tawakkalinsa.

Ta biyu, ya ce cuta tana mutuwa tare da mai ita. Wannan kuwa abin da ido ya gani ya rushe shi, gama ƙwayar Ibola tana nan da ranta cikin jini da amai da miyau bayan fitar rai, mai wanka kuma shi ne ke matsa ciki, ya goge baki da hanci da tsumma. Tsakanin 2014 da 2016 annobar nan ta hallaka fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa aƙalla ɗaya cikin biyar na masu kamuwa a wajen jana'iza suka ɗauka.

Ta uku, ya ce wankan gawa farilla ne da ba ya faɗuwa. Amma Muhtasar na Shaihu Halil ya koma ga taimama idan an rasa ruwa ko jiki zai yayyage, ya kuma yarda a bar cuɗawa idan matattu sun yawaita. To, idan an yi rangwame domin jikin mamaci, ashe ran mai rai bai fi cancanta ba? Don haka ma'aikata masu safar hannu suna sa wa mamaci likkafani, a yi sahu daga nesa a sallace shi, a fuskantar da shi alƙibla.

Wanda hatsarin mota ko ambaliya ko zazzaɓin cizon sauro ya kashe, a wanke shi yadda aka saba. Rangwamen hana taɓa gawa na annoba ne kaɗai, larura kuwa gwargwadonta ake auna ta. Wajibi ne limamai su karantar da wannan tun annoba ba ta zo ba. Allah ne masani.