Hangen Dala a Mashigin Jibralta

Daga bakin tekun Tanja, idan gari ya yi garau, mutum kan hangi duwatsun Sifen da idonsa. A inda mashigin Jibralta ya fi matsewa, tazarar Afirka da Turai ba ta wuce kilomita 14 ba. Nan Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara da rundunarsa a shekarar 711, har dutsen da ke can gefe ya ɗauki sunansa. Na daɗe ina jin labarin wannan ruwa, sai bara na ratsa shi a cikin ƙaramin jirgin shaƙatawa mai tafiya da iska, mai tsawon mita 12, mallakar wani abokina ɗan Maroko. Gani ya kori ji.

Tun da asuba ya zaunar da ni ya karanta mini sharuɗɗa. Ruwan saman mashigin yana kwarara ne daga Atlantika zuwa Bahar Rum, domin rana tana ƙafar da ruwan Bahar Rum fiye da abin da koguna da damina ke mayar masa. Idan iskar gabas, wadda suke kira Lebante, ta taso ta yi karo da wannan kwarara, sai igiyar ruwa ta miƙe tsaye. Kwana biyu muka yi a tashar Tanja muna jiran ta lafa.

Tsakiyar mashigin titi ne mai hannu biyu: jiragen da suka nufi gabas suna bin ɓangaren Maroko, masu fita yamma suna bin ɓangaren Sifen. Doka ta ce ƙaramin jirgi ya ratsa kai tsaye, kada ya tare wa manya hanya. Jirgin kwantena yakan kai mita 400, kuma ko direbansa ya hango ka, sai ya ci kilomitoci kafin ya tsaya. Muna da na'urar AIS mai nuna sunan kowane jirgi da saurinsa da inda ya dosa, muna da rediyo da rigunan ceto. Duk da haka, da wani ƙaton jirgin mai ya gitta ta gabanmu, igiyarsa ta ɗaga mu ta sauke, bakina bai daina salati ba.

Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, mu ana ganinmu a na'ura. Ka tuna da waɗanda ke bi nan cikin dare ba fitila."

Maganar nan ce ta sa na rubuta wannan shafi. Ta wannan titi matasa daga Afirka ta Yamma ke ƙetarawa a kwalekwalen roba, wasu ma irin na wasan yara a bakin teku, suna tuƙi da itace. Ba sa bayyana a na'urar kowa. Kwararar da muka lissafa da agogo, su janye su take yi zuwa gabas, nesa da gaɓar da suke hange. Wanda ya karɓi kuɗinsu ya nuna musu fitilun Tarifa ya ce ga Turai nan, bai faɗa musu abin da ke tsakani ba.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Mun isa Jibralta da la'asar, da fasfo a aljihu da ƙwararren matuƙi, amma a gajiye liƙis. Duk uban da ɗansa ya zo masa da zancen a sayar da gona don kuɗin hanya, ina roƙonsa ya tambayi yaron: wa zai gan ka a tsakiyar ruwan nan? Idan ba shi da amsa, gonar ta zauna.

Allah ya tsare mana zuri'a.