Kujera Ɗaya, Aljihu Uku

Kwanakin baya na karɓi wani baƙo a shirina na daren Laraba. Lauya ne, yana neman kujerar majalisa, kuma yana da hannun jari a wani kamfanin gine-gine. Na tambaye shi ko zai rufe ofishinsa idan ya ci zaɓe. Sai ya yi dariya, ya ce ai majalisa ta jama'a ce, ofis kuwa nasa ne, kowa da gonarsa. Wasu masu sauraro suka bugo waya suna goya masa baya, wai gara mai sana'a da wanda zai shiga majalisa da yunwa. Lokaci ya ƙure ban ba shi amsa ba. Ga amsar yanzu, kuma daga Amurka zan ɗauko ta, don kada a ce da wani ɗan gari ko wata jam'iyya nake.

Sheldon Silver ya shiga majalisar dokokin jihar New York bayan zaɓen 1976, ya zama kakakinta a 1994, ya riƙe kujerar har 2015. A jihar ana cewa mutum uku ne ke ƙulla kasafin kuɗi a ɗaki guda: gwamna, jagoran majalisar dattawan jihar, da kakaki. Shekara ashirin da ɗaya yana cikin ɗakin nan. Dokar jihar kuwa ta yarda ɗan majalisa ya riƙe sana'arsa a gefe, daidai da abin da baƙona yake so. Saboda haka Silver yana karɓar albashi a wani babban ofishin lauyoyi, Weitz & Luxenberg, wanda ya shahara wajen nema wa mutane diyya kan ciwon dajin da ƙurar asbestos ke sawa, wato ma'adinin nan da a da ake sakawa a rufi da bututu.

To, a saurari yadda gonakin biyu suka haɗe. Akwai wani likita a Jami'ar Columbia da ke binciken wannan ciwo. Silver ya sa aka ba binciken nasa tallafin dala 500,000 daga asusun jiha. Shi kuma likita ya riƙa tura majinyatansa wurin Silver, Silver ya miƙa su ofishin lauyoyin, duk diyyar da aka ci a yanka masa kasonsa. Sama da dala miliyan 3 ya samu ta wannan hanya, alhali masu gabatar da ƙara sun nuna ba shi ke yin shari'o'in ba. To me ya sayar? Ilimin shari'a? Ina! Dillanci ya yi, jarinsa kuwa kuɗin haraji ne da kujerar da aka ba shi amana. Shi ofishin lauyoyin ba a tuhume shi da komai ba, gaskiya a faɗe ta.

Hanya ta biyu ce ta fi ɓata mini rai, domin ta shafi 'yan'uwanmu da ke Bronx, waɗanda suke tashi da asuba su ja tasi, rabin abin da suka samu ya tafi kuɗin haya. Manyan masu gina gidaje, irin su kamfanin Glenwood, suna buƙatar majalisa kan rangwamen haraji da dokar haya. Silver ya nuna musu wani ƙaramin ofishin lauyoyi da za su kai wa aikin harajinsu, ofishin kuma yana raba lada da shi a ɓoye, kimanin dala 700,000. A bainar jama'a shi ne garkuwar 'yan haya. Mai haya ya zaɓe shi, mai gida yana ciyar da shi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa kun san abin da ke jiransa.

An kama shi a Janairun 2015, aka same shi da laifi a ƙarshen Nuwamba, aka yanke masa shekara 12 a 2016. Na san lauyan nan nawa zai ce ai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2017. Haka ne. Ta soke ne bayan Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar tsohon gwamnan Virginia Bob McDonnell, ta taƙaita abin da za a kira aikin hukuma da aka yi don cin hanci. An sake shari'a a 2018, aka sake samun sa da laifi. A 2020 kotu ta jefar da tuhume-tuhumen asbestos, ta bar na gidaje da na wanke kuɗin haram, aka ba shi shekara shida da rabi. Yana tsare ya mutu a Janairun 2022 yana da shekara 77.

Wannan jeka-ka-dawo na kotu hujjata ce, ba ta baƙona ba. Ƙasa mai masu bincike da ke bin sawun kowace dala ta shafe shekara biyar a kotu kan mutum ɗaya, kuma duk da haka wani ɓangare na shari'ar ya zube. Dalili kuwa, kuɗin da ya biyo ta ofishin lauya ba ya zuwa da kamannin cin hanci. Yana zuwa da rasit da sa hannu, ana kiran sa ladan aiki, idan ka tambayi wa ya biya a ce maka sirri ne tsakanin lauya da mai ƙara. Ɗan kwangilar da zai ji tsoron kai jakar kuɗi gidan ɗan majalisa ba ya jin komai ya ɗauke shi lauyansa da rana tsaka.

Batun yunwa kuma, wa ya ce ƙoshi yana hana haɗama? Silver yana da albashin majalisa, da ƙarin kuɗin kakaki, da albashin ofis. Ai da ƙoshi magani ne, da ba a ji sunansa a kotu ba.

Mu a nan Gana tsarin mulkin 1992 ya hango matsalar. Sashe na 98 ya hana ɗan majalisa riƙe wani aiki mai kawo riba sai da izinin kakaki bisa shawarar kwamiti. Amma su waye a kwamitin? Abokan zamansa ne, waɗanda gobe su ma za su nemi irin wannan izini. Sashe na 286 ya ce ya bayyana kadarorinsa ga Babban Mai Binciken Kuɗi, sai dai takardar tana can a ajiye, ni da kai ba mu da damar buɗe ta mu karanta. Bayanin da mai zaɓe ba zai gani ba, wa aka yi wa?

Ban ce a hana lauya ko ɗan kasuwa takara ba, majalisa tana buƙatar wanda ya san doka da wanda ya san ciniki. Abin da nake cewa, ranar rantsuwa ya miƙa makullin ofis, ya daina karɓar kaso, hannun jarinsa kuma a buga shi inda kowa zai gani. Baƙona ya yi alkawarin dawowa kafin zaɓe. Na riga na gaya masa ya taho da sunayen kamfanonin da ke biyan ofishinsa, zan ba shi minti goma ya karanta su da bakinsa.