Takin garke dukiya ne, mu kai shi gonar alkama da ciniki

Ƴan uwa makiyayi, idan aka tambaye mu amfanin garke, sai mu ce nono da nama da kuɗin kasuwa. Da wuya wani ya ambaci taki. Ni kuwa ina ganin shi ne amfanin da muka fi yin sakaci da shi, kuma manoman alkama su ne abokan cinikin da ya kamata ƙungiyoyinmu su nema.

A gandarin Konni da garakan Ayar, ana shuka alkama da shigowar sanyi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a girbe ta wajen Maris. Alkama tana da ci. Ƙasar da aka noma damina da rani ba hutu, ana zuba mata takin zamani kaɗai, a hankali takan yi tauri, ta daina riƙe ruwa. Takin dabbobi shi ke sassauta ta, ta riƙe laima, saiwa ta samu hanya. Ga mai biyan kuɗin ruwa ko na man injin ban ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babbar saniya ɗaya tana ba da abin da ya kai kusan tan ɗaya na busasshen kashi a shekara. Wani kaso yana zuba a daji wurin kiwo, amma na dare yana hannunmu. Fitsari ma taki ne, domin yana ɗauke da sinadarin azot mai yawa, wanda ke sa ganyen alkama ya yi kore. Idan ba a shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi a makwancin dabbobi ba, ƙasa ta shanye shi, rana ta kwashe sauran.

Wani zai ce buhun ire ya fi sauri. Gaskiyarsa. Ire yana da azot kashi 46 cikin ɗari, takin shanu kuwa bai cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu ba. Shi ya sa ban ce a jefar da takin zamani ba. A haɗa su. Takin gargajiya ya shiga ƙasa kafin huɗa, ire kaɗan ya biyo baya lokacin da alkama ta fara yin ƴaƴa a gindi. A ƙasar da ta sha taki, na zamani ya fi zama, ruwa ba ya saurin wanke shi.

Amma ɗanyen kashi ba shi za mu kai ba. Na taɓa ba wani aminina amalanke biyu kai tsaye daga garke. Bayan makonni kaɗan fangalinsa suka cika da ciyawa, domin irin hakin da shanu suka ci yana fitowa da ransa. Bai ce mini komai ba, sai dai bai sake tambayata ba. Tun daga nan nake ruɓar da shi. A tona rami a inuwa, a jera kara da kashi da ɗan toka hawa-hawa, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, wari ya tafi. Wanda ke son shi a Nuwamba sai ya fara tun Agusta.

Wannan aiki magani ne ga dabbobinmu. Ƙwan tsutsar ciki da kashi yake fita, ya koma baki ta ciyawa da ruwa. Kwashe garke a kai a kai yana rage tsutsa da ƙuda da ciwon ƙofato lokacin damina, zafin rami kuma yana kashe yawancin ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Gargaɗi ɗaya: idan dabba ta mutu farat ɗaya ana zargin ciwon saifa, kada kashinta ko ƙasar wurin su shiga rami. Ƙwayar wannan cuta tana yin shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. A kira likitan dabbobi.

Iyayenmu sun san wannan ciniki. Makiyayi ya sauka a gona bayan girbi, shanu su kwana su yi taki, mai gona ya ba da hatsi. A gandari ba a sakin garke cikin magudanan ruwa, don haka amalanke ce za ta yi zirga-zirgar. Shawarata ita ce ƙungiyar makiyaya ta zauna da ƙungiyar manoma kafin shuka, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: amalanke kaza ta ruɓaɓɓen taki a Nuwamba, a madadin karan alkama da dusa kaza a Maris. Wannan abinci yana zuwa daidai lokacin da daji ya fara ƙarewa, farashin harawa da dusa yana hawa, shanu suna ramewa.

Wanda ya sayar da takinsa shi kaɗai, mai mota ne zai yanka masa farashi. Mu sa wannan magana cikin taron ƙungiya na gaba, a zaɓi wurin rami, a naɗa wanda zai riƙa rubuta abin da kowa ya kawo.